Wa Ya Ambaci Wa

A ƙarshen kowace maƙalar bincike akwai jerin littattafan da marubucin ya dogara da su. Galibin masu karatu ba sa ko leƙa wurin. Amma akwai gwanayen da daga nan suke fara karatu, domin wannan jeri ne ke nuna musu inda ilimi ya taso da fannonin da ya ratsa, kamar yadda mai bin sawu ke karanta yashin gulbin Rima ya gaya maka abin da ya wuce da inda ya nufa.

A 1955 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya juya tambayar. Maimakon a duba su wa maƙala ta ambata, sai a duba su wa suka ambace ta bayan fitowarta. Daga lauyoyi ya aro dabarar, don su sun daɗe suna bibiyar hukuncin da aka kafa hujja da shi a shari'o'in baya. A 1964 ya fitar da kundin Science Citation Index. Idan aka san fannin kowace mujalla, sai a ga ƙarara lokacin da wani bincike ya tsallaka katangar gidansu. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin ta shiga hannun likitoci da masana noma da masu haɗa magani, kuma a ƙidayar mujallar Nature ta 2014 an ambace ta fiye da sau 300,000.

Ƙidayar ba ita ce wahala ba, kwamfuta na gama ta kafin shayi ya huce. Gwanintar tana wajen fassara adadin. Masana lissafi ba su cika jera madogara ba, likitoci kuwa suna zubawa da yawa, don haka wanda ya gwama su kai tsaye ya zalunci na farko. Wani ana ambatonsa ne don a ƙaryata shi. Wani kansa yake ta ambato. Wani binciken kuma ya zama ruwan dare har an daina faɗin mai shi. Ga kuma mujallun Afirka da yawa da ba su cikin manyan kundayen, abin da ke sa aikin malamanmu ya zama kamar ba a yi ba.

Mutumin Gobir ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ƙasarsa ta san wannan ladabi na ambaton madogara tun da daɗewa. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya yi zama a Degel zamanin da sarautar Gobir ke Alkalawa, ya rubuta Ida'un Nusukh a 1812, inda ya jera malamansa da littafin da ya karanta a gaban kowannensu: wansa Shehu Usmanu, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da Muhammadu ɗan Raji wanda ya ɗauki Buhari a wurinsa. Duk wanda ya bi rubuce-rubucen Abdullahi da idon mai ƙidaya zai yi ta cin karo da suna guda, Suyuɗi, malamin Masar da ya rasu a 1505. Yana cikin tafsiri, yana cikin nahawu, yana cikin usulu. Tsallaka fanni ke nan da gaske.

A 2011 Bruce Hall da Charles Stewart suka ɗora ma'auni a kan wannan gado. Sun tattaro littattafan da malaman Afirka ta Yamma, har da Abdullahi, suka ce sun karanta ko suka kafa hujja da su. Ba su tsaya nan ba, kuma a ganina nan hikimar take: sun koma bayanan dubban rubuce-rubucen hannu da ke ɗakunan ajiya na Muritaniya da Timbuktu da Kano, suka duba ko kwafin littafin na nan da gaske a wurare daban-daban. Da waɗannan ma'aunai biyu suka fitar da manhajar da yankin ya yi tarayya a kanta. Risala da Muhtasar na Halilu da Alfiyyar Ibnu Malik duk sun haye.