Kujeru Biyu Cikin Biyar: Nazari Kan Hukumar Tsara Gine-ginen Washinton

A birnin Washinton, hedikwatar Amurka, hukumar da ke yanke hukunci kan abin da za a gina a kowace unguwa tana da kujeru biyar. Uku magajin gari ne ke naɗa masu zama a kansu da amincewar majalisar birni. Biyun da suka rage na tarayya ne: ɗaya ta mai kula da gine-ginen Majalisar Dokoki, ɗaya ta shugaban hukumar gandun daji da wuraren tarihi ta ƙasa, ko wakilansu. Dokar cin gashin kai ta 1973 ce ta zo da wannan rabo.

A ido, rabon ya yi kama da adalci, tunda rinjaye na hannun 'yan gari. Amma ƙidayar kujeru kan ɓatar da mai nazari. Abin tambaya shi ne: wa mai kujerar zai fuskanta idan ya yi kuskure? Magajin gari yana da ranar zaɓe. Wakilan tarayya ba su da ita, kuma mazauna birnin, waɗanda suka kusa dubu 690 a ƙidayar 2020, sun fi mutanen jihar Wayomin yawa, ba su da ko ƙuri'a ɗaya a zauren Majalisar Dokoki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan an zaunar da baƙo ya tofa albarkacin bakinsa kan rufin Anakostiya, unguwar da ba ta da wata alaƙa da fadar shugaban ƙasa.

Hujjar masu kare tarayya ba ta banza ba ce. Birnin na al'ummar ƙasa ne baki ɗaya, kuma ba a so dogayen benaye su shanye kwarjinin ginin Majalisa. Sai dai wannan buƙata tuni aka biya ta da dokar 1910, wadda ta ɗaure tsayin gini da faɗin titin da ke gabansa, ta kuma tsayar da iyaka a ƙafa 130 a titunan kasuwanci. Dokar 1973 ta haramta wa majalisar birni ƙetare wannan iyaka. Ga kuma wata hukumar tarayya ta daban mai duba tsarin birnin. In haka ne, kujerun biyu ƙari ne a kan ƙari.

Inda lamarin ya fi ɗaure kai shi ne shekarar 2013. Wani kwamitin Majalisar Wakilai ya nemi a sake duba dokar tsayin gini, gwamnatin magajin gari Binsent Gire ta ba da shawarar a sassauta ta, ganin yadda kuɗin haya ke korar talaka. Sai majalisar birnin da kanta, kusan baki ɗaya, ta nemi a bar dokar yadda take. Waɗanda suka shekara arba'in suna kukan an tauye musu iko, da aka miƙo musu wani yanki nasa suka naɗe hannu. A ganina wannan ya tona wani abu da masu rajin 'yancin birnin ba sa son faɗa: masu gidaje a tsofaffin unguwanni sun fi amincewa da takunkumin tarayya fiye da zaɓaɓɓunsu, domin takunkumin na kare darajar kadarorinsu. Ashe rikicin bai tsaya tsakanin gari da tarayya ba, har da na mai gida da ɗan haya.

Ɗan Najeriya ba zai ji wannan labari a matsayin baƙo ba. A Abuja ma tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa tarayya ƙasar birnin gaba ɗaya, minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa ke da iko kan filaye da rusau, ƙananan hukumomi shida da jama'a ke zaɓa kuwa ba su da ta cewa a tsarin tsakiyar gari. Bagwaren da aka tasa daga gonar kakanninsa ko kujeru uku cikin biyar bai samu ba.