Minjiryar cinya: ba kowa ne wandon jins ya matse ba

Akwai wani bayani da ke yawo a shafukan lafiya na Hausa a Facebook da TikTok kan ciwon nan da ke sa gefen cinya zugi, ko fatar wurin ta mutu kamar ba taka ba. Kusan duk abu ɗaya suke faɗa: rage ƙiba, daina sa matsattsen wando. Ba ƙarya suka yi ba. Inda nake da ja shi ne, an kwaso bayanin daga rubuce-rubucen da aka yi domin majinyatan Turai da Amurka, aka juye shi da Hausa ba tare da an dubi mai karantawa ba. Manomin Tsohon Birnin Gwari da ke yini a kunya, ko matashin da ke ramin zinariya a dajin nan, ina ya ga ƙibar? Ya karanta, ya ce ba da shi ake ba, ya koma kemis a ce masa sanyi ne.

Likitoci suna kiran ciwon meraljiya farestetika, sunan da likitan Rasha Vladimir Roth ya raɗa masa a 1895. Wata siririyar jijiya ce, mai kai saƙo ba mai ɗaukar jini ba (Hausa ta haɗa su a kalma guda, shi ya sa ake yawan ruɗewa). Daga ƙashin baya take fitowa, ta ratsa ƙugu, ta bi wata matsattsiyar kafa kusa da ƙashin nan da kake taɓawa a gaban kwankwaso, daidai inda mazagin wando yake zama. Aikinta ji kawai, ba ta motsa tsoka. Don haka idan ta matsu sai zafi da minjirya a gefen cinya na waje, amma ƙarfin ƙafa yana nan, kuma abin ba ya gangarawa ƙasan gwiwa.

To me ke matse ta a wajenmu? A 2007 an wallafa rahoton sojojin Amurka a Iraki da rigar sulke ta jawo musu ciwon, an kuma sha ganinsa ga 'yan sanda masu bel mai nauyi. Jijiya ba ruwanta da sunan abin da ya danne ta. Ɗamarar ɗan sa-kai mai ɗauke da harsasai da wuƙa, guru da ake kwana da shi a tashi da shi, zanen da ake tamkewa a wuri guda shekara da shekaru, duk kan wannan kafar suke hawa. Mai bayanin da ya ambaci jins ya bar guru bai san da wa yake magana ba.

Wannan ma da sauƙi, tunda a sassauta ɗamara yawanci ciwon kan lafa cikin makonni ko watanni. Abin da ya fi damuna shi ne shirun da ake yi kan matsin da ke fitowa daga ciki. Juna biyu na kawo shi, kuma yakan tafi bayan haihuwa. Amma ƙarin mahaifa, ko wani ƙari a ƙugu, ko jinin da ya taru bayan faɗuwa ko tiyata, su ma suna iya danne jijiyar, ko da yake ba kasafai ba. Sai ciwon suga: binciken da masanan Mayo Clinic suka fitar a 2011 ya nuna masu suga sun fi sauran jama'a kamuwa da kusan ninki 7, wasu ma cinyar ce ta fara magana kafin a gano sugan. Kuturta ma tana cin jijiyoyin fata, don haka tabo mai haske da ba a jin taɓawa a kansa ba na shafa man zafi ba ne.

Wasu kuma suna zarcewa ɗaya gefen. Saboda littattafai sun lissafa gubar dalma cikin dalilai, kuma ba a manta da yara sama da 400 da ta kashe a Zamfara a 2010 ba, da abin da ya faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, sai a ce wa duk mai haƙar zinariyar da cinyarsa ta mutu dalma ce. A babban mutum dalma ta fi kama jijiyoyin motsi, hannu ya saki daga wuyansa, ga ciwon ciki da ƙarancin jini. Cinya ɗaya kaɗai ba ta isa hujja ba, gwajin jini ne ke raba gardama.

Ga wanda zuwa Kaduna tafiyar kilomita sama da 100 ce da kuɗin mota, bayanin da ke da amfani shi ne wanda zai gaya masa yaushe tafiyar ta zama dole. Idan ƙafa ta yi rauni, ko gwiwa na lanƙwashewa, ko akwai ciwon baya, rama, kumburi a mara, matsalar fitsari, ko an kwance ɗamara wata biyu babu sauƙi, a fara da babban asibitin Birnin Gwari a gwada suga a duba ciki. Daga nan ne za a san ko sai an dangana da Barau Dikko ko Shika.