Nazari a kan Zumuntar Mata a Ikkilisiyoyin Arewa

Duk wanda ya yi nufin fahimtar yadda Kiristocin Arewacin Nijeriya suke ƙarfafa wa juna zuciya a kan sha'anin bangaskiya, da yadda suke ɗaukar ciwo da rashi da ƙuncin rayuwa, wajibi ne ya dubi Zumuntar Mata, domin kuwa abin da fasto yake faɗi a kan mumbari ran Lahadi, matan nan ne suke bi da shi gida gida a sauran kwanakin mako.

Asalin al'amarin yana komawa ga zamanin mishan. Jagororin ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka Ikko a 1893, ta SUM ta zauna Wase a 1904, Mishan na 'Yan'uwa kuwa ya kafu a Garkida a 1923, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka karɓi bishara Birom ne da Angas da Tangale da Bura da Margi da Bacama, kowace al'umma da harshenta. Da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi ɗawainiya ƙwarai a kansa, sai Hausa ta ƙara ƙarfi a matsayin harshen sujada, har matan da ba su jin yaren juna suka sami abin da za su yi addu'a da shi tare. Yau da wuya a sami majami'ar ECWA ko COCIN ko EYN, ko ta Katolika ma, wadda ba ta da zumunta da Uwar Zumunta da ma'ajiyarta.

Aikin nasu yana tsaye ne bisa rukunai uku: karatu, da waƙa, da ziyara. A wajen karatu, manya suna yi wa ƙanana nasiha kan zaman aure da tarbiyyar yara, bisa ga umarnin da ke cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, kana a ba kowa ayar da za ta haddace. Amma hikimarsu ta fi bayyana a waƙa. Littafin Waƙoƙi, wanda galibinsa fassara ce daga waƙoƙin Turawa, yana nan da darajarsa, sai dai matan sun ƙago nasu salon, inda ɗaya take bayarwa saura suna amshi, ana buga tulu ana kaɗa caki, ana taka rawa cikin natsuwa. Ta haka kissar Ayuba da haƙurinsa, ko ta macen da ta taɓa rigar Yesu ta warke, take shiga zuciyar tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, har ta riƙa rera ta a gona ko a bakin murhu, alhali kuwa wa'azin da ta ji wataƙila ya riga ya shuɗe mata.

Ziyara kuwa ita ce take gaskata sauran. In mace ta haihu, ko tana jinya, ko mijinta ya rasu, 'yan zumunta sukan zo da itace da hatsi da sabulu, su yi addu'a, su share gida, su zauna zaman ta'aziyya. An ga fa'idar wannan a 2014, sa'ad da aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda mafi yawansu 'yan EYN ne, aka kuma kori hedkwatar ikkilisiyar daga Kwarhi, amma mata suka ci gaba da taruwa a wuraren gudun hijira suna riƙe da gwauraye da marayu.

Duk da haka, al'adar ba ta rasa aibu ba. Kuɗin zanen zumunta da yawan karo-karo sukan nauyaya wa matalauciya har ta ji kunyar zuwa taro, gasar waƙa a manyan tarurruka takan jawo alfahari, kuma akan sami mai jinkirta zuwa asibiti da hujjar tana jiran warkarwa ta addu'a, ko da yake waɗanda suka kawo bisharar su ne suka gina asibitin Vom da na Galmi.

Saboda haka muna kira ga iyayen zumunta da su sauƙaƙa wa marasa hali, su kuma riƙa raka majinyaciya wurin likita bayan sun yi mata addu'a, domin ta haka ne zumuntar za ta ci sunanta.