Jinjina Ga Masu Binciken Sankarar Jini

Haƙiƙa, daga cikin ma'abota ilimi waɗanda suka cancanci yabo da addu'a, akwai masu binciken sankarar jini, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gaban madubin likita suna nazarin ɓargo, inda Allah Ya hukunta asalin jini, domin su fahimci sababin da ke sa fararen ƙwayoyinsa hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba.

A shekarar 1960, a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani gajeren kuromosom a jinin masu nau'in cutar da ake kira CML; a 1973 Janet Rowley ta bayyana cewa musanya ce ta auku tsakanin kuromosom na 9 da na 22; sa'an nan, bisa wannan silsila, Brian Druker da abokan aikinsa suka jarraba maganin imatinib, wanda hukuma ta amince da shi a 2001, har ciwon da ke kisa cikin 'yan shekaru ya zama wanda galibi ake danne shi da ƙwayar magani kullum.

Allah Ya saka musu da alheri, Ya sa maganin ya isa ga talaka.