Ƙudan da ke Bakin Taga

Idan muka buɗe zanen furannin da Ambrosius Bosschaert ya yi wajajen 1618, wanda ke gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague na Holan, sai mu rantse gaban kwalbar ya zauna yana kwafa. Ba haka ba ne. Tulif na buɗewa da zarar sanyi ya wuce, wardi kuwa sai zafi ya kankama. Ɗaya bayan ɗaya ya zana su, sannan ya harhaɗa, kamar yadda muke yi wa hoto a kwamfuta.

To ina gaskiyar zanen? Mu ƙara girman hoton. Ƙwari sun huda ganye, ƙuda kuma ya sauka a bakin taga. Mutanen zamanin sun san karatun: fure yau ne, gobe ya bushe, haka ƙuruciya, haka dukiya. A 1637 kasuwar tulif ta Holan ta faɗi warwas.

Mu da ke goge kowane tabo kafin mu ɗora hotonmu, Bosschaert ya fi mu gaskiya. Ya ƙawata iya ƙawatawa, amma ya bar ƙudan.