Kirarin "Babu Talla" a Rediyon Tauraron Ɗan'adam: Tarken Harshe da Manufa

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara sayar wa 'yan kasuwa da lokacin rediyo, akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin gidan rediyo da mai sauraro. Mai sauraro ba ya biyan ko anini, amma yakan ara wa mai talla kunnensa na 'yan mintoci a kowace sa'a, shi kuma mai talla ya ɗauki nauyin kiɗa da labarai. Rediyon tauraron ɗan'adam, wato wanda ake harba shirye-shiryensa zuwa sararin samaniya su sauko kai tsaye cikin akwatin mai sauraro, ya zo ne da alkawarin warware wannan yarjejeniya: a biya kuɗi kowane wata, a huta da talla. Maƙalar nan ta ɗauki wannan alkawari a matsayin matani, ta auna shi da ma'anar kalmar "talla" a Hausa, sannan ta bi sawunsa a Amurka inda ya karɓu, da kuma Afirka inda bai yi kasuwa ba. Abin da take son tabbatarwa shi ne, kirarin "babu talla" shi kansa talla ne, kuma bai tsayu ba sai da aka ƙuntata ma'anar kalmar.

2.0 Abin da Bahaushe ke Kira Talla

A wurin Bahaushe, talla ita ce yawo da haja ana kiran sunanta domin mai bukata ya ji ya saya. 'Yar talla da farantin goro a ka, da mai fura, da mai maganin gargajiya a bakin tasha, duk abubuwa biyu suka haɗa su. Na farko, murya ce ta wani mutum da ake gani. Na biyu, hajar tana kusa, mai sauraro na iya miƙa hannu ya taɓa ta, ya taya, a yi ciniki. Saboda haka ne Hausa ta bambanta talla da shela da cigiya da yekuwa, ko da yake duk da ɗaga murya ake yin su. Da talla ta shiga gidan rediyo, kamar yadda ta shiga na Kaduna da aka kafa a 1962, ba ta yar da waɗannan siffofi ba. An ba ta kiɗa da waƙa da ɗan gajeren wasan kwaikwayo, amma a ƙarshe sai an faɗi lambar shago da sunan layi da kasuwa. Muhimmin abu a nan shi ne, Bahaushe ba ya ƙayyade talla da tsawon lokaci ko da wanda ya biya. Duk wanda ya kambama abinsa domin a saya, talla yake yi, har ma akan ce mutum yana tallar kansa.

3.0 Amurka: Yadda Kirarin ya Samu

A shekarar 1997 Hukumar Sadarwa ta Tarayyar Amurka ta yi gwanjon lasisi biyu kacal na wannan sabon rediyo, kowanne ya tashi a kan fiye da dala miliyan 80. Kamfanonin da suka saye su ne daga baya aka sani da XM da Sirius. XM ya fara watsa shirye-shirye a Satumbar 2001 a kan dala 9.99 a wata, Sirius kuma ya biyo baya a Fabrairun 2002 a kan dala 12.95. Lokacin ya yi musu daidai. Dokar sadarwa ta 1996 ta sassauta iyakar yawan tashoshin da kamfani guda zai iya mallaka, har kamfanin Clear Channel ya tara tashoshi kimanin 1,200, kuma masu sauraro suka yi ta kokawa da yawan talla a zangon FM. Kukan ya kai ga shi kansa Clear Channel ya sanar da shirin rage yawan talla a tashoshinsa a 2004. Wato gajiyar mai sauraro ita ce jarin da aka kafa sabuwar kasuwar a kansa.

Sirius ya fito da tashoshin kiɗa 60 marasa talla tun ranar farko. XM kuwa ya fara da sa talla a wasu tashoshinsa na kiɗa, sai a Fabrairun 2004 ya cire ta gaba ɗaya, ya shiga kirarin cewa kiɗansa ɗari bisa ɗari babu talla. Kirarin bai yi ƙarko ba. Clear Channel ya sayi hannun jari a XM a 1999, ya kuma riƙa shirya wasu tashoshi a cikinsa, kuma bayan hukuncin masu sasantawa ya sami damar sa talla a tashoshin kiɗa huɗu a 2006. Nan take aka gyara lafazi, aka tashi daga "duka" aka koma ga cewa kamfanin ne ya fi kowa yawan tashoshi marasa talla. Ga mai nazarin harshe wannan ɗan gyara yana da ma'ana babba. An bar jimlar korewa, wadda za a iya ƙaryatawa da misali guda, an koma jimlar fifiko, wadda ba ta ɗaure mai faɗinta da komai ba face ya ɗara abokin hamayya, alhali abokin hamayyar guda ɗaya ne tak. Shi ma a Yulin 2008 kamfanonin biyu suka haɗe suka zama Sirius XM.

3.1 Ƙuntata Ma'ana

Kalmar "babu" a Hausa korewa ce da ba ta barin saura. Wanda ya ce babu gishiri a miya, aka ɗanɗana aka ji ko kaɗan, ya yi ƙarya. Kirarin da ake magana a kai bai taɓa ɗaukar wannan nauyi ba, domin tun farko tashoshin kiɗa kawai ya shafa. Tashoshin labarai da wasanni da hira da barkwanci suna ɗauke da talla, wasunsu ma muryar gidajen talabijin ce irin su CNN da Fox News ake juyowa, a cike gurbin hutunsu da talla. Mai sauraro ya biya kuɗin wata, kuma an sayar da kunnensa.

A tashoshin kiɗan ma, abin da aka cire shi ne gajeren saƙon da wani ɗan kasuwa na waje ya biya aka sa. Tallar da gidan ke yi wa kansa da sauran tashoshinsa tana nan, ba a lissafa ta. Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne tashoshin da aka raɗa wa sunan haja ko na mai haja. A 2004 XM ya buɗe tashar Hear Music ta kamfanin sayar da gahawa na Starbucks. A wannan shekara Sirius ya buɗe tashar Elvis Presley da ake watsawa daga Graceland, gidan mawaƙin da ya zama wurin yawon buɗe ido na kuɗi, da kuma Shade 45 ta mawaƙi Eminem. A 2005 aka kawo Radio Margaritaville ta Jimmy Buffett, wadda sunanta shi ne kuma sunan jerin gidajen cin abincinsa. Ba za a musanta cewa masoya waɗannan mawaƙa sun sami abin da suke so ba, kuma an tsara tashoshin da gwaninta. Sai dai idan aka ɗora su a ma'aunin Bahaushe, talla ce da ta daina katse shiri saboda ta zama ita ce shirin, dare da rana.

3.2 Talla Marar Gari

Siffa ta biyu ta talla, wato kusancin haja, ita ce rediyon tauraro ya kasa riƙewa. Saƙo guda ne ke sauka a kan ƙasar baki ɗaya, daga Niyok zuwa Kalifoniya. Kamfanonin suna da na'urori a ƙasa masu ƙarfafa saƙon a tsakanin dogayen gine-gine, amma hukuma ta hana a yi amfani da su wajen watsa shiri na gari guda, bisa matsin ƙungiyar masu gidajen rediyon ƙasa da ke tsoron a ƙwace musu tallar cikin gari. Sakamakon haka ya bayyana a harshen tallar. Mai shagon unguwa ba shi da abin da zai nema a nan, sai masu inshora, da masu alkawarin rage wa mutum bashi, da masu magunguna, da kamfanonin da ke neman direbobin manyan motoci. Tunda babu layi ko kasuwa da za a ambata, sai lambar wayar kyauta da adireshin intanet suka maye gurbinsu, ana maimaita su sau biyu ko uku domin direba ba zai iya rubutawa ba. Sharuɗɗan da doka ta tilasta a faɗa kuwa akan tura su ƙarshe, a karanta da saurin da kunne ba ya kamawa. Matanin irin wannan talla cike yake da umurni, a kira yanzu, a shiga yanzu, ya rasa raha da zolaya da ke sa a haddace tallar mai magani a bakin tasha.

Wataƙila wannan rashi ne ya ƙara wa muryar mai gabatarwa daraja. A Oktoban 2004 Sirius ya sanar da ɗaukar Howard Stern a kan yarjejeniyar dala miliyan 500 ta shekara 5, ya fara aiki a Janairun 2006. Stern ya shahara da karanta talla da bakinsa a tsakiyar hira, yana sa barkwanci da labarin kansa. Wannan salo ya maido wa talla da siffarta ta farko, wato murya ta mutumin da aka sani, shi ya sa take shiga rai. Illarsa kuwa ita ce yana dusashe iyaka tsakanin ra'ayi da ciniki. Maroƙin Hausa ma yabo yake sayarwa, amma a bainar jama'a ake yi masa kyauta, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi wanda ya bayar da abin da ya bayar, don haka kowa ya san farashin yabon da yake ji. Mai sauraron da ke cikin mota shi kaɗai ba shi da sanƙira.

Alkaluman kamfanin sun nuna matsayin tallar fili a wannan kasuwa. A 2023 kuɗin shigarsa ya kusa dala biliyan 9, masu biyan kuɗin wata kimanin miliyan 34, amma tallar ɓangaren rediyon tauraro ba ta kai dala miliyan 200 ba. Mafi yawan kuɗin tallarsa ya fito ne daga Pandora, dandalin kiɗa na intanet da ya saya a 2019, da shirye-shiryen murya da ake saukewa. A 2025 kuma ya fito da wani tsari mai rahusa, ƙasa da dala 7 a wata, wanda tashoshin kiɗansa ke ɗauke da talla. Abin da aka yi shekara fiye da 20 ana sayar da rashinsa, shi ne aka dawo ana ba da rangwame a kan jure shi.

4.0 AfriStar da Mai Sauraron Hausa

Afirka ta riga Amurka ganin wannan fasaha. Noah Samara, lauya haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin WorldSpace a 1990, aka harba tauraronsa AfriStar a Oktoban 1998, aka fara watsa shirye-shirye a 1999, kuma a lokacin ƙasar Hausa tana cikin yankin da saƙonsa ke sauka. Manufar da Samara ya bayyana ta isar da ilmi da bayanin lafiya ga karkara abin yabo ce, har an ware wani kaso na ƙarfin tauraron domin shirye-shiryen wayar da kai. Da farko sauraro kyauta ne, ana sa ran kuɗi daga hayar tashoshi ga gidaje irin su BBC da CNN da RFI, da kuma talla. Amma akwatunan farko da Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo suka ƙera sun kai ɗaruruwan daloli, don haka masu sauraro ba su taru ba, mai talla kuwa ba ya kasa haja inda babu jama'a. Daga nan aka koma ga kuɗin wata-wata da kirarin rashin talla.

A nan ne kirarin ya faɗi wanwar. Manomin da ke rataye da ƙaramar rediyo mai batir biyu ya daɗe yana jin shirye-shirye marasa tallar 'yan kasuwa, a harshensa, ba tare da ya biya kowa ba: Sashen Hausa na BBC tun 1957, na Muryar Jamus tun 1963, na Muryar Amurka tun 1979, duka a gajeren zango. Ba a sayar wa mutum da abin da ya saba samu kyauta. Bugu da ƙari, shi bai ɗauki talla a matsayin cuta ba, domin ta cikinta yakan ji zuwan taki da farashin atamfa da ranar tashin mota.

Matsalar harshe ta fi wannan zurfi. Saƙon tauraro guda yana rufe ƙasashe da dama masu ɗaruruwan harsuna, kuma mai tallar da ke son ya ci moriyar wannan faɗi dole ya nemi harshen da ya game su, wato Ingilishi ko Faransanci, alhali wanda zai sayi sabulu da ashana a Hausa ko Fulfulde ko Kanuri yake ciniki. A Indiya, inda kamfanin ya fi samun masu biya, sai da ya buɗe tashoshi a harsunan Tamil da Telugu da Kannada da Bengali da Punjabi, ya kuma ɗauki mawaƙi A. R. Rahman ya zama fuskar tallarsa. Duk da haka masu biyansa a duniya ba su kai 200,000 ba lokacin da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Oktoban 2008, aka kuma rufe shirye-shiryen Indiya a ƙarshen 2009.

A daidai waɗannan shekaru wani abu dabam yake faruwa a ƙasa. Doka mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe ƙofar mallakar gidajen rediyo ga 'yan kasuwa a Nijeriya, Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003, wasu da dama suka biyo baya. Waɗannan tashoshi na FM ba sa wuce 'yan jihohi, kuma wannan ƙarancin zango shi ne ƙarfinsu a wurin ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Kurmi, wanda ke son a faɗi sunan layinsa da lambar shagonsa da Hausa. Kuɗin wannan talla ne ke biyan mai karanta labarai da marubucin wasan kwaikwayo da mai shirin siyasa da mai fassara, kuma a bakinsu ne ake ƙera sababbin kalmomin da harshen ke bukata kullum.