Sabuwar Play ba ta san kakarta ba

Duk mai bin labarin wasannin bidiyo a salularsa ya sha cin karo da wannan doguwar kalma ta Faransanci, rétrocompatibilité. Ma'anarta ba wuya: sabuwar na'ura ta karɓi wasan tsohuwa. Ka sayi PS5, ka zura mata kaset ɗin PS4, ya tashi. Ni dai "waiwaye" zan riƙa ce masa a nan, don harshena ya huta. Masu sharhi na Faransa da Amurka suna yabon abin kamar wata sadaka ce kamfanoni suka yi wa duniya, wai an girmama tarihi, wai ba a bar kowa a baya ba. Ni kuwa ina ganin waiwayen nan, yadda Sony da Microsoft suka tsara shi, ba da mu a rai aka yi shi ba. Abin da suke kira tsohon wasa, a Damagaram shi ne wasan da za a buga yau da la'asar.

Ku leƙa gidajen wasa na Zango, ko Sabon Gari, ko Garin Malam. Benci ne, da tele biyu ko uku, da manet da aka ɗaure wa waya da sikoci. PS3 da PS4 sun shigo, amma PS2 ba ta tafi ko'ina ba. Ƙwallo ake bugawa, PES, sai in an gaji a juya GTA San Andreas na 2004 ko God of War na 2005. PS2 ta fito a Japan a 2000, an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, an daina ƙera ta a farkon 2013. Wato duk ɗalibin da ke lise Kuran Daga yau, na'urar nan ta girme shi. Kusan duk waɗanda ke hannunmu ƴan gwanjo ne, sun gama aiki a ɗakin wani yaro a Turai kafin su biyo kaya ta Kwatano ko ta Kano su iso kasuwar Dole. A kan gwanjon nan wani ke ciyar da gida, wani ke biyan kuɗin lakkwal na ƙannensa da ƴan dalolin da yara ke ajiyewa kowane mach. Saboda haka maganar wace na'ura ke karɓar wane kaset, a wurinmu maganar jari ce.

Me ya sa abin ke da wuya tun farko? Ku ɗauki waƙa. Waƙoƙin marigayi Ma'azu Ɗan Alalo a kaset ɗin rediyo iyayenmu suka san su, daga baya aka juye su a faifan CD, yau kuma mai turi ya sa maka su a salula cikin minti biyu. Murya ce kawai, kowace na'ura na iya furta ta. Wasan bidiyo ba haka yake ba. Umarni ne da aka rubuta wa wata ƙwaƙwalwa takamaimai, da yarenta, kuma in ƙwaƙwalwar ta sake, umarnin ya zama surutu. Hanya uku aka sani ta warware wannan. Ko a dasa tsohuwar ƙwaƙwalwa cikin sabuwar na'ura. Ko a rubuta manhaja da za ta yi tafinta, ta kwaikwayi tsohuwar. Ko kuma a bar wasan yana gudana a kan wata na'ura can wata ƙasa, hoton kawai ke zo maka ta intanet. Ta farko tana cin kuɗin kamfani sau ɗaya. Ta ƙarshe tana cin kuɗinka kowane wata. Ku lura da inda Sony ta fara da inda ta ƙare.

PS2 ta zo da ƙwaƙwalwar PS1 a cikinta, shi ya sa kusan duk wasannin PS1 ke tashi a kanta ba tare da roƙo ba. PS3 ta farko, ta Nuwamban 2006, ita ma ta zo da kayan cikin PS2 ɗungurungum. Da aka kawo ta Turai a Maris 2007, an riga an cire rabin kayan an maye gurbinsu da tafinta. A Oktoban shekarar aka fito da mai giga 40, babu waiwayen PS2 sam. Siririyar ta 2009, wadda ita ce ta fi yawa a shagunanmu, haka take. A yi wa Sony adalci: PS3 ta fito a dalar Amurka 599, kuma duk da haka da asara ake sayar da ita, dole su nemi abin ragewa. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da ya biyo baya. A 2011 sai ga wasannin PS2 sun dawo kan PS3 ɗin da aka ce ba ta iya ɗaukar su, amma a shagon Sony na intanet, ka biya ka sauke. Ashe dai tafintan yana nan. Kaset ɗin da ke hannunka ne ba a so ya karanta, don an riga an ci kuɗinsa.

PS4 ta 2013 ba ta karɓar kaset ɗin kowa, daga PS1 har PS3. A 2017 mujallar Time ta tattauna da Jim Ryan, wanda daga baya ya shugabanci ɓangaren PlayStation gaba ɗaya, ya nuna cewa waiwaye abu ne da ake yawan nema amma ba a cika amfani da shi ba, har ya yi mamakin wanda zai so buga tsofaffin wasannin tseren mota da ya gani. Kai! Da ya zo Zango ranar Lahadi da ya ga masu bugawa, har da layi. Amma maganarsa ta nuna wa suke ƙirgawa. Suna ƙirga wanda na'urarsa ke manne da intanet, wanda suke ganin abin da yake bugawa. Mu ba mu fitowa a lissafin.

PS5 ta 2020 ta gyara wani abu, kuma ba zan ɓoye ba: tana karɓar kusan duk wasannin PS4, sama da 4,000, saboda ƙwaƙwalwar biyun ƴan gida ɗaya ne na kamfanin AMD. Wannan alheri ne na gaske ga mai shago da ya tara kaset ɗin PS4. To amma PS3 fa? Ƙwaƙwalwarta mai suna Cell, wadda Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera, tana da wuyar kwaikwayo, sai Sony ta zaɓi hanya ta uku. In kana son wasan PS3 a kan PS5, sai ka shiga tsarin PlayStation Plus Premium na 2022, ka biya kuɗin wata, ka buga daga nesa. Wannan na buƙatar rezo mai ƙarfi wanda ba ya yankewa, da kasancewa a ƙasar da aka buɗe wa hidimar. Nijar ko cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation ba ta. Shi ya sa duk wanda kuka sani mai PS4 a garin nan, a asusunsa ɗan Faransa ne ko ɗan Amurka, da adireshin unguwar da bai taɓa takawa ba. Ga kuma wuta. Kowa na tuna Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a mayar ba sai Maris 2024. Siririyar PS2 ba ta cin wat 50, ƙaramin fano da batir sun riƙe ta. PS5 kuwa tana shan kusan 200 in wasa ya yi zafi, ban da tele.

Microsoft ta fi kyautatawa, ko da yake Xbox ba ta da jama'a a nan. A 2015 ta buɗe wa Xbox One wasannin Xbox 360, daga baya har da na Xbox ta farko, suka haura 600, kuma ba ta ce ka sake saye ba. Sai dai kaset ɗin shaida ce kawai ta cewa ka mallaka. In ka zura shi, na'urar sauke wasan take yi daga intanet, giga nawa ne, forfe nawa ne, kai ka sani. A Nuwamban 2021 kamfanin ya ce ya kai iyaka, ba zai ƙara ba, saboda matsalar lasisi da shari'a da fasaha.

Kalmar lasisin nan ita ce ta fi shafar mu, don mu ƴan ƙwallo ne. Ku duba jerin Xbox ɗin, ba za ku ga PES ko FIFA na wancan zamani ba. Sunan ɗan wasa, da rigar kulob, da tambarin gasa, duk hayar su ake yi na ƴan shekaru, in wa'adi ya cika wasan ya zama kayan da ba a iya sake sayarwa. Kuma kamfanin ma ba ya so. Mai sayar maka da ƙwallo sabuwa kowace shekara, me zai sa ya taimake ka ka zauna a kan ta bara? A 2021 Konami ta binne sunan PES ta kawo eFootball, wanda rayuwarsa ke kan intanet. A 2023 EA ta rabu da sunan FIFA, ta kwashe tsofaffin daga shagunan intanet. PES 6 na 2006, wanda manyan yayyenmu ke rantsuwa ba a sake yin kamarsa ba (ni PES 2013 na fi so, amma wannan rigimar fada ce), babu wata sabuwar na'ura da ke karɓar sa ta hanyar halal. Waiwayen da ake ta yi wa guɗa ya tsallake wasa ɗaya tilo da ya tara yaran unguwa a benci guda.

Masu yin waiwaye na gaskiya a garin nan su ne masu gyara. Idon PS2 ya mutu, ba ya karanta faifai? An sa Free McBoot a katin memori, an sa Open PS2 Loader, wasanni na tashi daga kile USB. Babu na'urar ma gaba ɗaya? PPSSPP na nan a salula yana kwaikwayon PSP, PCSX2 na kwaikwayon PS2 a kwamfuta, har Cell ɗin da aka ce ya gagara, masu sa kai sun yi masa RPCS3. Ba kamfani ya rubuta waɗannan ba, mutane ne a ƙasashe daban-daban suka yi su kyauta. PES 2014 shi ne na ƙarshe da ya fito a PS2, amma ku shiga shago yau za ku tarar da Mbappé sanye da rigar Real Madrid a kan injin da aka ƙera tun yana rarrafe. Wasu ne ke zama su sake sunaye da riguna kowace kaka. A Barazil irin wannan aikin har suna ya yi, Bomba Patch, don su ma talakawansu a kan PS2 suka daɗe.

Na san abin da wani zai ce: ai wannan satar fasaha ce. A doka, kwafe wasan da ba ka saya ba laifi ne, ba na musu. Amma a 2023 wata cibiya a Amurka, Video Game History Foundation, ta bincika ta gano kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a can kafin 2010 ba a sayar da su kuma. A Amurka ke nan, inda shagon yake. Mutumin da ya rufe rumfa, ya hana kayan, ya kuma ce duk wanda aka gani da su ɓarawo ne, wallahi hujjarsa ta yi rauni. Inda nake da ƙorafi a kanmu shi ne wani wuri dabam. Na'urar da ke da dubban wasanni, mun tsaya a kan goma. Kowace kile abu ɗaya ne a ciki: ƙwallo, GTA, dambe, tseren mota. Shadow of the Colossus na 2005 da Okami na 2006 suna nan, girmansu bai fi na sauran ba, ba mai tambayar mai turi. Muna zagin kamfani don ya mance da tarihinsa, mu kuma ba mu taɓa buɗe shi ba.

Yanzu ƙofar PS4 ɗin ma ana jan ta a hankali. Tun 2020 akwai PS5 marar wurin zura faifai, kuma PS5 Pro ta 2024 haka ta zo, sai ka sayi wurin daban. Na'urar da ba ta cin faifai ba ta san gwanjo ba, ba ta san aro ba, ba ta san "ba ni naka in ba ka nawa" ba. Nan da shekara bakwai ko takwas waɗannan ne za su cika kwantena su iso mana, da wasanninsu kulle a asusun wani Bature da ya mance lambar sirrinsa. A yi lissafi kuma: PS5 mai faifai ta fito a Yuro 499, kusan jika 328 ke nan kafin kuɗin hanya da na duwan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata.

Ga wanda ke shirin buɗe shago, ko fadar da ke haɗa kuɗi don ta sayi PS3 da niyyar ta ci kaset ɗin PS2, kada a saurari rantsuwar mai sayarwa. A ƙirga ramukan USB da ke gabanta. In huɗu ne, tana cikin na farkon nan masu waiwaye, kuma lambar da ke bayanta za ta fara da CECHA, CECHB, CECHC ko CECHE. In biyu ne, PS1 kawai za ta karɓa. Masu huɗun kuma su ne suka fi saurin ɗaukar zafi har su mutu da ƴar wutar nan ruwan ɗorawa, kuma ba don zafin watan Afrilu na Damagaram ko ƙurar hunturu aka ƙera su ba. Sai a tanadi fanka, a riƙa kai ta wurin mai gyara yana buɗewa yana kakkaɓe ta kafin bazara ta shigo.